Yadda Za Ka Jagoranci Tiyata Daga Alƙahira Ba Tare Da Asirinka Ya Tonu Ba

Farfesa, na san damuwarka. Kai a zamanin tsaga ciki ka yi suna, wannan tiyatar ta 'yar huda da kyamara ba ka taɓa yi ba. Ga shi an ɗora ka a gaban allo ka jagoranci Dakta Nirmin, tana can garin Aswan za ta cire wa wani manomi madaciya. Duk alamar da ka yi a allonka, tana ganinta a nata. Bi matakan nan, na rantse ba mai ganewa.

1. Ƙi linzamin kwamfuta

Kibiyarsa za ta yi ta yawo a kan hanjin bawan Allah kamar ɓatacciyar akuya. Ka ture shi ka ce, "Wannan na sakatarori ne."

2. Nemi alƙalamin allo

Alƙalami na ƙara wa mutum kwarjini. Ka zana da'ira babba wadda ta haɗiye rabin cikin. Duk inda madaciyar take, tana ciki.

3. Kula da kofin shayi

Kada ka ɗora shi a kan allon taɓawa. Idan ka manta, gindinsa ya buga alama, za ka ji Nirmin, wadda ke kiranka Basha don girmamawa, ta ce, "Basha, nan zan yanka? Hanta ce fa!"

Kada ka firgita. Ka kurɓa, ka ce, "Gwada ki nake, 'yata. Madalla."

4. Sandar juyawa

In an kawo maka ita, wato 'yar sandar nan irin ta wasan bidiyo, ka ce jikanka na da irinta a gida. Masu ilimi ba sa wasa.

5. Idan jini ya ɓalle

"Basha, ina jijiyar? Nuna min!"

Ka daskare, baki a buɗe, kada ko ƙifta ido. Za ta ɗauka layi ne ya yanke, ta nemo da kanta. In ta tsayar, sai ka motsa: "Yawwa, nan nake ta nuna miki."

Gargaɗi

Madaciya ba ta san farfesa ba. Ran da taka ta kumbura, aka kwantar da kai, Nirmin ta sunkuyo ta ce, "Kwantar da hankalinka, Basha, abokinka Farfesa Mamduh ne zai jagorance ni," ka tuna kai ka ara masa wannan darasin. Ni babu ruwana, ban ma san ka ba.