Sandar Liman da Manhajar Kyauta

Bayan na yi ritaya daga koyarwa a Dutsin-Ma, na sayi ƙaramin injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta, wanda yake juya icce yana zana masa ado. Manhajar da ke tsara masa hanya tsada gare ta, saboda haka na zaɓi ta kyauta.

Wata Alhamis, limamin wani masallaci a Rawayau ya kawo mini sandar huɗubarsa, gadon kakansa, a ƙawata ta kafin Juma'a.

Ya ce, "Alhaji, ba za a fara gwadawa a wani iccen ba?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, shekara talatin na yi ina koyar da awo."

Ashe manhajar ta ɗauka kaurin sanda ɗaya ne daga sama har ƙasa, ni kuwa siririn gindin kaɗai na auna. Injin ya fara lafiya lau. Da ya doshi wajen kauri, sai kukansa ya canza, bakin sassaƙar ya nutse cikin iccen, hayaƙi ya tashi. Liman ya miƙe yana salati. Na lalubi maɓallin tsayarwa, sai na danna na ƙarin gudu. Sanda ta rabu biyu.

Liman ya tsince guntayen ya tafi. Washegari da sandar aro ya hau mumbari.

Har yau in na ratsa kasuwar Kurfi, sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji, matata tana son muciya biyu. In kawo sanda ɗaya?"