Zulki Bambai Ya Shirya Fim a Kasuwar Gwaram

"Duk faɗin Jigawa, daga Kangire har bakin iyakar Bauchi, babu mahaluƙin da ya san Mai Baƙar Laima kamar ni!"

Da wannan kirari Zulkifli mai cajin waya yake buɗe rumfarsa kullum a tashar Birnin Kudu. Mai Baƙar Laima kuwa, abokina, wani tsohon fim ɗin Indiya ne, na wani yaron tashar jirgin ƙasa da ya girma ya zama uban 'yan fasa-ƙwauri. Ainihin sunansa ya fi ƙarfin harshen mutanenmu, shi ya sa suka raɗa masa wannan. Zulkifli ya haddace shi kamar karatun allo. Ya san jarumi, ya san bos, ya san darakta da mai ɗaukar hoto, har ya rantse ya san wanda yake yi wa jaruma fifita idan an tafi hutu. Shi ya sa 'yan tasha suke kiransa Zulki Bambai, alhali tafiyarsa mafi nisa a duniya ita ce Wudil.

Wata rana ya tara abokansa biyu, Dogara ɗan acaɓa da Munzali mai wayar da ta fi ta kowa kyamara.

"Waɗanda suka yi fim ɗin nan duk sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya," in ji shi. "Wa zai gaje su in ba ni ba? Sake shi za mu yi. Ni ne darakta, ni ne jarumi."

"Mu kuma fa?" in ji Dogara.

"Kai ɗan sanda. Munzali, kai ka riƙe waya, ka riƙe bakinka."

Aka fara neman jaruma. Gogan naka ya doshi Barira mai awara, ya bayyana mata cewa aikin ba wuya, bishiyar darbejiya kawai za ta riƙa zagayawa ana sheƙa mata ruwa da bokiti.

"Ni za a jiƙa a bainar jama'a?" in ji Barira, ta zaro matsami daga cikin tafasasshen mai. "Tsaya nan in fara ba ka naka wankan!"

Sai da ya kai bayan tasha ya tsaya da gudu. Yana haki ya ce wa abokansa, "Dama fim ɗin 'yan daba na gaske ba ya buƙatar mace."

Saura babban fage, inda jarumi yake dira kan jirgin ƙasa ya sure jakar zinare. Jirgi dai babu, don haka amalanken shanu ya zama jirgi. Zulki ya ce a tafi Gwaram ranar kasuwa, inda ba a san shi ba balle a yi masa dariya. Ya tura Dogara ya shirya da wani mai amalanke, Dabo, aka ɗora masa buhun ƙaiƙayi a matsayin zinare.

"Mu sanar da 'yan kasuwa mana," in ji Munzali.

"Jahilci! In sun sani, tsoronsu ba zai fito na gaske ba."

Ranar kasuwa, rana tana dukan tsakiyar ka, sai ga Zulki cikin kwat ɗin gwanjo, da baƙin gilashi, da gashin baki na gawayi wanda gumi ya fara kai shi haɓa, ga laima a hammata. Amalanke biyu suka shigo a jere. Dogara yana nuna masa na baya, wato na Dabo, amma darakta ba ya karɓar umarni. Ya daka tsalle ya haye na gaba, ya rungumo buhu.

Buhun na wata tsohuwa ne, Inna Jummai, cike da dakakken barkono, ita kuma tana zaune a kansa.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo da rana tsaka!"

Kasuwa ta tashi. Masu awo suka bar kwano, mahauta suka bar nama. Dogara, da ya aro kakin maigadin makaranta, yana hango 'yan banga na gaske sai ya cusa hular a aljihu, ya shiga cikin masu ihun ɓarawo, muryarsa ma ta fi ta kowa.

Nan Zulki ya tuna yadda jarumi yake yi idan an kewaye shi: ya ɗaga gira ɗaya, ya buɗe laima a hankali, ƙarti su zube don tsoro. Ya miƙe a kan amalanke, ya ɗaga gira, ya buɗe laima fau! Ƙarti ko gezau. Shanun ne suka tsorata. Suka zabura, jarumi ya yi sama, buhu ya bi shi, suka haɗu a cikin kwatar mahauta. Buhu ya fashe a kansa.

Kai, abokina, atishawar da ya yi ranar har a garin Surko an ce an ji ta. Yana hawaye, yana majina, yana kiran, "A tsaya! Fim ne! Inna, ki yi wa Allah!" Inna Jummai kuwa ta karɓe laimar tana auna masa ita a gadon baya.

Da ƙyar 'yan banga suka ƙwace shi suka kai shi gaban sarkin kasuwa, Alhaji Ƙasimu, dattijo mai furfura. Munzali, wanda bai daina ɗauka ba tun farko, ya miƙa waya a matsayin shaida cewa Mai Baƙar Laima suke sakewa. Alhaji ya kalla, ya sake kalla, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Mai Baƙar Laima kuka ce? Ai na kalle shi a Kano ina saurayi."

Zulki ya ji sanyi a ransa, ya gyara kwat. "Alhamdu lillahi, Baba, ashe kai masani ne! Gaya musu wane ne ni a ciki."

Alhaji ya yanke hukunci tukuna: Zulki zai daka wa Inna wani barkonon da hannunsa, a nan tsakiyar kasuwa. Sannan ya ƙura wa wayar ido, ya gyaɗa kai.

"Na gane ka sarai, yaro. Kai ne ɗan koren nan da aka wurga cikin kwata tun ba a gama rubuta sunayen 'yan wasa a farkon fim ba. Kuma tsakani da Allah, ka fi shi iya faɗuwa."