Ƙwarin da Kulu Ta Kora

A shekarar da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu sa ganye danƙo, ta sauka wa gonakin Hunkuyi, zamanin da Turawa ke matsa wa jama'a noman auduga, tsohuwa Kulu ta ga jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi sun cika mata wake. Ta yanke musu hukunci ba tare da bincike ba, wanda shi ne aibin mai gaggawa, ta umarci jikanta Inuwa ya tsince su cikin gora. Da ganye ya ƙara nannaɗewa, sai ta bi shi gonarsa.

"Sannu da zuwa, amarya," in ji Inuwa. "Lafiya dai? Ina gajiya?"

"Gajiya tana wurin wakena. Mijin banza, ina ka kai ƙwarina?"

"Yau kuma naki ne? Da bakinki mai haƙori biyu kika ce ɓarayi ne."

"Cewa na yi ka tsince ka ƙone!"

"Na tsince. Wuta ce ban samu ba, sai na juye goran cikin audugata."

"Shi ya sa gonarka ta yi shar, tawa kuwa sai danƙo da tururuwa!"

"Ai su ke cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye, su da baƙaƙen 'ya'yansu. Kin kori dogarai, kin bar ɓarayi a rumbu."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Ni wa, da zan yi gardama da babba? Abin da kika hango a zaune, ko na hau rimi..."

"Rufe mini baki! Dogarin kirki ne zai zuba mini wani ruwa mai wari, launin ɗorawa, a yatsa, ya miƙe ya yi mutuwar ƙarya?"

"Fuskarki ya gani. Ko tsuntsu ba ya cinsa, ke kaɗai kika iya masa."

"Inuwa, waken nan shi ne ƙosaina har baɗi. In ya mutu, me zan soya?"

"Tururuwar."

"Na sake ka!"

"Mace ke saki? Tafi wurin alƙali, ki ce an sace miki ƙwaro."

Kulu ta ja dogon tsaki, dariya ta ƙwace mata ba da son ranta ba. Ta kwance bakin zane, ta ciro mazarƙwaila.

"Ungo, ɗauko goran. A hankali za ka tsinto su, kada ka murƙushe mini ko ɗaya. Ka gaya musu tsohuwa ta tuba. Su na ce, ba kai ba."