Garin Furotin Mai Robar Zinare

"Lau lau, alhamdu lillahi. Ya ƙugun, Amarya?"

"Ƙugu yana nan inda ka bar shi. Shigo mana, ka tsaya ka toshe mini ƙofa kamar an jingine katifa."

Jikanta ne, wanda take kira Tsinke tun yana jariri marar auki, ga shi yanzu ƙato mai horar da mutane a gidan motsa jiki. Tun da ta zame a banɗaki aka yi mata aiki a ƙugu, naman cinyoyinta yake ta zagwanyewa. Likita ya duba ƙodarta, ya ce ta ƙara da garin furotin a kan abinci. Ɗanta kuma, uban Tsinke, ya yanke magana: in ranar komawa asibiti ta zo ba ta iya tashi daga kujera da kanta ba, kwashe ta zai yi ya kai ta gidansa. Ita kuwa a nan ta yi aure, a nan ta yi takaba, ba ta ga inda za ta ba.

Tsinke ya dire wata baƙar roba a kan tebur. "Ga shi. Mai tsadar na sayo miki, don ki san kin yi dacen miji."

"Ka makara. Na yi wani mijin."

Ta kai hannu bayan labule ta jawo tata robar, mai ruwan zinare, tana ƙyalli.

"Ina kika samo wannan?"

"Wata mai talla maƙwabciyata ta kawo mini. Na manya ne. Jirgi ya ɗauko shi, kujera guda aka ba shi, har abinci aka kai masa."

"Lallai ya ga gata. Kawo mu gaisa."

Ya karɓa yana juya ta. Ta ga idonsa ya sauka kan gorunan ruwa da ta shanye ta jere gefen kujera, sai ta ja zanenta ta rufe su. Bakinta a bushe yake har yanzu.

"Amarya, ina aka rubuta yawan furotin ɗin da ke cikin cokali guda?"

"Karanta mana. Ko kuɗin makarantarka ma nama suka zama?"

"Na karanta. Wai yana maganin ciwon baya, da furfura, da mantuwa. To, mene ne sunana?"

"Ba na ajiye sunan miji marar amfani."

"Babu jerin abin da aka haɗa shi da shi, babu adireshin kamfani, ranar lalacewarsa kuma da biro aka rubuta. Da kika buɗe, bakin a liƙe yake da takarda?"

"A liƙe yake. Da salatif."

"Da salatif!"

"To naka fa? Rabin kuɗin na hoton wannan ƙaton ne da ya tuɓe riga a jikin robar, ko kunya babu. Shi za ka kawo mini ɗaki?"

"Wannan kam kin yi gaskiya, har da kuɗin suna na biya. Amma kamfanin ya faɗi abin da ya zuba, wasu daban sun gwada sun buga tambarinsu, ga lamba nan ana duba ta a waya. Naki ko mai shi bai yarda ya sa sunansa ba."

Ya lakato garin zinaren da yatsa ya ɗora a harshe. Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke. Ya ɗauko kofunan gilashi biyu, ya zuba cokali guda na kowanne, ya tsiyaya musu ruwan zafi daga filas. Nata ya yi kauri yana danƙo, har cokali ya tsaya a ciki. Nasa ya kekkece ya yi gudaji.

"Ahaf!" ta ce. "Naka ya tsinke kamar mai shi. Nawa dubi jiki!"

"Haka na gaske yake yi da zafi, daga madara aka cire shi. Naki sitaci ne, Kaka. Sitaci da sukari."

Kaka ya ce, ba Amarya ba. 

"Cokali nawa kike sha?"

"Sirrin aurena ne."

"Kaka."

"An ce ɗaya. Ni kuma sauri nake yi, sai nake ninkawa, safe da yamma."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Ina abin gwajin suganki?"

"Ya yi tafiya."

"Ina ya je?"

"Bai yi mini sallama ba."

A ƙarƙashin matashin kujerar ya zaro shi. Ita ta cusa shi can tun ranar da ƙishirwa ta fara damunta, idanunta suka fara ganin hazo-hazo, don ba ta son ta ga abin da zai nuna. Ta dunƙule hannayenta a cinya.

"Miƙo yatsa."

"Ka yi wa zakarun gidanku allura, ba ni ba."

"Ni da nake ɗaga ƙarfen da ya fi ki nauyi sau uku, yatsanki ne zai gagare ni?"

"Ni na goya ka kana kuka kamar ƙofar da ba mai. Ka taɓa ni ka gani."

Amma ta miƙa. Ya tsikara, ya ɗiga jinin, suka zuba wa na'urar ido. Da lambar ta fito ba ta buƙaci a fassara mata ba, shekarunta da ciwon suga sun koya mata. Tsinke ya zaro waya, ta cafke masa wuyan hannu da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Kada ka kira babanka."

"Likita zan kira."

"Likita zai gaya masa, shi kuma ya zo da mota. Tsinke, ba wauta ce ta sa ni ba. So nake in tashi da ƙafata kafin ranar nan."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai da ko zama ba ka iya ba."

Ya zare hannunsa a hankali, ya fita baranda. Tana jin muryarsa ƙasa-ƙasa, tana kallon kofin da cokali ke tsaye a cikinsa. Wannan ta yi ta ɗura wa cikinta tana sa wa mai tallar albarka. Kunya ta kama ta, tsoro ya danne kunyar.

Ya dawo ya tsuguna a gabanta. "Kina amai? Jiri?"

"Ganinka dai yana sa ni tashin zuciya, amma wannan tsohon ciwo ne."

"Ya ce ki daina shan wancan yanzu-yanzu, ki sha maganinki da ruwa, mu sake gwadawa an jima. Gobe da safe in kai ki, har da robar. In kika fara amai ko magagi, ba jiran gobe. Nawa ma kada ki taɓa sai ya gan ki."

"Babanka fa?"

"Ba zan ɓoye masa ba. Amma ke za ki fara faɗa masa da bakinki, ni kuma in ce kullum zan zo in sa ki tashi-zauna har ranar komawa. Manyan ƙarti nake sa wa kuka, balle ke."

"Kuka? Ni? Uban da ya haife ka ma bai ga hawayena ba."

"To tashi mu gani."

Ta dafa hannun kujera, ta cije leɓe, ta yunƙura. Ta ɗago kamar taƙi guda, cinyoyinta suna rawa, sannan ta koma daɓas. Ya riga ya tare bayanta da hannu.

"Rabi," ya ce.

"Rabin nan ya fi duk abin da ka taɓa yi a rayuwarka."

"Mijin zinaren fa? Bai zo ya tare ki ba."

Ta harare shi, ta harari kofin, sai dariya ta kufce mata har tana riƙe ƙugu.

"Na rabu da shi. Ashe kwalliya ce kawai, cikinsa duk sitaci. Na dawo ɗakinka, ba don kyanka ba."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin gidan ta jefa masa a ƙirji.

"Riƙe. Ka riƙa buɗewa da kanka, kada ka zo kana buga mini ƙofa kamar ɗan sanda. Kuma ka liƙa wa ƙaton nan takarda a ƙirji kafin ya kwana a ɗakina."