Zanen da Ke Falon Yaya Mansir

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara zuwa gaida Yaya Mansir a Agege. Shi ne babban wan Zainab, yarinyar da nake nema, kuma tun rasuwar mahaifinsu maganarsa ce magana. In ya ce a'a, shi ke nan.

Na sauka daga motar haya ta danfo ina gumi cikin shaddar aro. Muka gaisa, muka zauna a falo. Shi yana kallona, ni ina kallon bango. A bangon akwai wani babban zane na dare: sama shuɗiya mai duhu ta murɗe kamar ana dama kunu, rufin gidaje baƙi ƙirin, titin jirgi ya ratsa tsakiya, sai wata taga guda ɗaya mai haske ja.

Da na yi shiru da na tsira. Amma na taɓa kallon wani bidiyo a waya kan ma'anar launuka (rabinsa ma na kalla), sai na ga ga damar nuna ilimi ta samu.

Na gyara murya na ce, "Yaya, wanda ya yi zanen nan yana cikin baƙin ciki. Shuɗin nan kaɗaici ne. Jan nan kuwa fushi ne da aka danne. Wallahi mai wannan ba ya da kwanciyar hankali a gidansa."

Ya ɗaga gira. "Haka ka gani?"

"Ƙwarai. Ko aurensa ne ya ishe shi." (Har da gyaɗa kai na yi.)

Sai ya juya wajen kicin ya ɗaga murya: "Maman Hanif! Abeg zo ki faɗa mini abin da na yi miki."

Matarsa ta fito tana goge hannu. Ya maimaita mata maganata kaf, bai rage ko harafi ba. Ashe ita ta zana. Na ji kamar kujerar ta haɗiye ni. Na fara tunanin yadda zan yi wa Zainab bayani.

Ta dubi zanen, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har ta dafa ƙofa.

"Ƙanena," ta ce, "daren da aka sallamo ɗana daga asibiti ne, bayan mun fid da rai. Ban taɓa ganin sama ta yi mini kyau irin na ranar ba. Jar tagar nan ɗakinmu ne, yana ciki yana barci."

Yaya Mansir ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kawo masa abinci. Mutumin da ya shigo gidana ya raba mini aure a zaman farko, ai ba zai yi mana ɓoye-ɓoye ba." A nan ne numfashina ya dawo. Kafin in tafi ya ce in turo manyana.

Yanzu Zainab tana ɗakina, a gidansu kuwa sunana "Oga Mai Fassara". Ni dai ko kalanda na gani a bangon mutane, sai na tambayi wanda ya rataya kafin in buɗe baki.