Rahoton Malam Tarwaɗa

A shekarar da kaska ta mamaye Dajin Rugumai, ba a jin komai sai ƙarar susa. Gwanki ya goga bayansa a kututture har ya yi sanƙo, 'ya'yan barewa suka rame kamar tsinke. Sarki Ɓauna ya buɗe rumbun gwamnati, ya ce a auna gero ga masanin da zai nemo magani.

Farfesa Carki ya samu aikin, tsuntsun nan da kaska ce tuwonsa da miyarsa. Damina ta wuce, kaska ta ninka, Farfesa ya yi tumbi har tashi na yi masa wuya.

Ranar majalisa Inna Jaka, wadda ɗanta ke kwance, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, mai cin kaska ne zai nemo abin da zai ƙarar da ita? Wa ya taɓa toshe rijiyar da yake sha?"

Nan take Sarki ya kafa doka: duk mai moriya a harkar kaska, kada ya taɓa geron bincike.

Carki ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Sarki, dokar nan ta dace da manufarmu ta gaskiya da riƙon amana. Ni ɗanɗanawa nake don ilimi, amma na janye. Sai dai Inna ma tana da moriya, don in kaska ta ƙare ita za ta huta. Son kai ke nan."

Majalisa ta ɗauki tafi. Aka bi kowa, mai gashi da mai fata, duk aka same su da moriya. Malam Tarwaɗa na cikin tafki kaɗai ya tsira, don ya rantse bai taɓa ganin kaska ba. Aka juye masa geron a ruwa.

Da kaka ta yi, Malam Tarwaɗa ya leƙo da kai, gashin baki na ɗiga. "Na duba laka, na duba gansakuka. Babu kaska a ƙasar nan. Jita-jitar 'yan adawa ce."

"Ilimi ya yi magana," in ji Sarki. "Daga yau duk wanda ya yi susa, ya ƙaryata gwamnati. Akwai mai ƙorafi?"

Inna Jaka ta zuba wa kunnen Sarki ido, inda wata ƙatuwar kaska ta ƙoshi har tana sheƙi. Idon Sarki ya kaɗa ya yi ja. Ya ɗaga kofato a hankali, ya dubi jama'a, ya mayar da shi ƙasa.