Jirgin Kaka Ya Yi Gemu

A mashigar jirage ta Mai Wurno, Bilyamin ya kwana uku bai ɗauki kowa ba. Ya ari injin wankin mota ya wanke daɓen jirgin katakon da kakansa ya bari, da ya bushe sai katakon ya tashi da gashi-gashi. Sartse ya soki wata mai albasa a ƙafa, mata suka koma jirgin wani. Da hantsi yana durƙushe yana guga, sai ga kakarsa Asma'u ta gangaro da sanda da ƙunshi.

"Sannu da aski, maigidana."

"Yawwa, amarya. Wane aski kuma?"

"An ce jirginka ya yi gemu. Kai ko ƙwaya uku babu a haɓarka, jirgi ya riga ka girma."

"Gado ne. Naki gemun ya biyo."

"Ja'iri! Shekara arba'in kakanka na wanke katakon ga da soso da guga, bai taɓa tsiro ba. Kai rana guda ka mai da shi bushiya. Sauri ya haifi nawa."

"Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shigo ki gani, in ƙafar za ta ɗagu."

"Ƙafar ga ta taka har garin Rusairis ta dawo tun uwarka ba ta yi haƙori ba. Mi kake goga mishi?"

"Sanfara, takardar gugar katako. Sai da na bari ya bushe ƙayau, na bi shi da mai kaushi, na bi da mai laushi. Kuma tsawon katakon nake bi, ba na gicciye shi."

"Wa ya sanar da kai wannan? Kan nan naka dai kabewa ce."

"Ke. Ina ƙarami na ji kina ce wa Kaka itace kyanwa ne, ba a shafa shi ta baya."

"Ashe kana sauraro. Na ɗauka tuwo kawai kake ji."

Ta shiga jirgin, ta kwance ƙunshinta, ta zaro sabon taub, lulluɓin nan mai santsi da take adanawa don biki.

"Zan ja shi daga kai zuwa gindi. Ya tsinke zare guda, na yarje wa baffanka Sadisu ya sayar da jirgin a sayo na ƙarfe, in kuma sake ka."

"Sakin dai na karɓa tun yanzu."

Amma muryarsa ta yi ƙasa, don ya san Sadisu ya daɗe yana naci. Asma'u ta shimfiɗa taub ɗin ta ja shi sannu, katako bayan katako, har lungun da matuƙi ke zama. Ta ɗaga shi a rana ta duba. Ko zare bai motsa ba.

Ta zauna, ta ɗora tafinta a kan katakon bagaruwar da aka yi jirgin da shi tana shafawa.

"Ya salam. Haka yake ranar da anka fara sa shi ruwa. Ina da cikin ubanka."

"Kuka za ki yi, tsohuwa? Kada ki jiƙa min katako, ban shafa man riɗi ba tukuna."

"Ƙurar aikinka ce ta shigar min ido, ƙazami."

"To faɗi gaskiya ko da sau ɗaya a rayuwarki. Na iya ko ban iya ba?"

"Ka iya, ɗan banza. Wallahi ka iya. Hannun kakanka ne a jikinka."

Ta sake laluba ƙunshin, ta ciro wani tsohon gizago mai ƙota baƙa ƙirin don riƙo, ta miƙa masa.

"Da shi ya sassaƙa jirgin. 'Ya'yansa huɗu sun roƙa na hana."

Bilyamin ya karɓa da hannu biyu.

"Da ma kin san zan ci, shi ya sa kika taho da shi?"

Ta tuntsire da dariya har sandarta ta faɗi.

"Ina! Da ka faɗi, da shi zan yi maka aski."